Gahawa ta Ƙarƙashin Gwiwa

Laifin da zan ba da labarinsa shi ne sayar da shaida. Wanda ya saci akuya, akuya ya ɗauka, in an kama shi ya biya a wuce wurin. Amma dattijon da ya sayar da bakinsa gari guda ya yi wa sata, domin daga ranar ba wanda zai ƙara kwana da tabbacin inda gonarsa ta tsaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da. Marash Doda ya san wannan magana, shi da kansa ya sha faɗa wa na baya, sai ga shi ta faɗa a kansa yana da shekara saba'in da ɗaya.

Ƙauyenmu Kripaj yana bayan tashar jiragen ruwa ne, a gaɓar arewacin Albaniya, tsakanin tudu da fadama. Da aka rushe gandun gwamnati aka raba wa mutane ƙasa, takarda ta faɗi wani abu, ƙasa ta faɗi wani abu dabam. Gona ɗaya sai ka same ta da takarda uku. Saboda haka muka bar takardu a akwati muka koma kan iyakokin kakanni, iyakokin nan kuwa duk a cikin kan Marash suke. In rigima ta tashi shi ake ɗora wa dutse da curin ƙasa a kafaɗa, ya rantse, ya taka a gaban jama'a. Inda ya sauke dutsen nan ne iyaka, ba mai ƙara tofawa. Shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa jin ya karkace ba. A zauren maza shi ke zama kusa da murhu, shi ake fara miƙa wa gahawa. Shi ne ma ya taɓa sa aka miƙa wa wani mutum finjalin gahawa ta ƙarƙashin gwiwa, da hannun hagu, alamar mutuncinsa ya zube, saboda ya yi shaidar zur a kan hanyar ruwa. Mutumin bai shekara ba ya kwashe iyalinsa ya bar mana ƙauyen.

Sai tashar ta fara cin ƙasa. Kwantena ta yi yawa, wurin ajiya ya yi kaɗan, wani kamfani na 'yan birni ya sa ido a kan fadamarmu. Tonin Shkurti, ciyaman na ƙaramar hukumarmu, wanda ke neman zarcewa a zaɓen bazara, ya riga ya bi ta hannun surukinsa ya saye gonakin waɗanda suka tafi ci-rani Italiya da Girka. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: filin nasa ba shi da baki a kan titi. Abin da ya tare shi wani zirin ƙasa ne mai faɗin taku arba'in, da rijiya da itatuwan zaitun tara a ciki, na Dila matar marigayi Kola. An yi mata tayi sau uku, sau uku tana cewa zaitun ɗin mijinta ne ya dasa, ba na sayarwa ba ne.

Kola kuwa aminin Marash ne. Marash ya yi wa ɗan Kola askin fari, kuma a wurinmu wannan zumunci ne da ya kai na jini, har aure ba ya shiga tsakanin gidajen biyu. Ta cikin zirin nan Marash ke wucewa zuwa tasa gonar da ke can baya, daga rijiyar yake ban ruwa, ba a taɓa tambayarsa ko sisi ba. Su biyun ne suka kafa dutsen iyakar da hannunsu, a bayan rijiya ta ɓangaren filin da Tonin ya saye. Suka binne masa shaidu kamar yadda ake yi: gawayi, da fararen tsakuwoyi goma sha biyu, da rabin faranti da aka fasa, ɗaya rabin ya tafi gidan mai ƙasa. Daga baya ambaliya ta zo ta binne dutsen da laka, shekara goma sha biyar ba wanda ya ƙara ganin kansa.

Wata Lahadi bayan an fito coci Tonin ya tsayar da motarsa a ƙofar Marash, ya shigo da kwalbar raki, barasar inabinmu, a hammata.

"Baba Marash! Kai dai tsufa ya nema ya rasa."

"Kai kuma ƙiba ta nema ta samu. Ciyaman, kujerar nan taku da man shanu ake shafe ta?"

Tonin ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Aka zauna ƙarƙashin rumfar inabi, aka sha ɗaya, aka tambayi lafiyar shanu da ta masara. Sannan ya ce, "Ina labarin ɗanka Fran? Yana can yana wanke wa mutanen Landan motoci?"

"Yana can."

"Shekara nawa yanzu?"

"Goma sha ɗaya."

"Da jikoki biyu da ba ka taɓa ɗauka ba sai a gilashin waya." Tonin ya girgiza kai. "Baba, in filin nan ya buɗe za a sa ma'aunin manyan motoci a ƙofa. Aikin zama ne, ga inuwa, ga albashi. Ina so ɗan gari ya riƙe shi, ɗan gidan mutunci. Amma ka ga filin ba ƙofa."

Marash ya ajiye kofinsa. "Ƙasar Dila ce."

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Dutse dai laka ta cinye shi. Wa ya san inda yake? Kai kaɗai. In ka tuna cewa a gindin ɓauren can yake, kusa da katangar gidanta, wa zai ce ka manta? Ita kuma ba za ta tashi a banza ba, zan ga an share mata hawaye."

Da motar ta tafi, Mrika matar Marash ta fito tana goge hannu da zane.

"Me ya kawo wannan ƙaton? Kura ba ta zuwa gaishe da akuya don zumunci."

"Gaisuwa ya zo."

"Gaisuwa da kwalba? Marash, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

"Ke dai kula da tukunyarki. Ba kya son ɗanki ya dawo ya binne mu?"

"Ina so. Amma ya dawo ya tarar da uba."

Kwana tara yana juya maganar. Ya ce wa kansa Kola ya mutu, ɗan Kola yana birni ba ya noma, Dila ta tsufa, zaitun tara me za su ƙara mata? Ya ce wa kansa ko bai yi ba kamfani zai samu wata hanya, gara ɗan gari ya amfana. Zuciya in tana son abu ba ta rasa lauya.

Surukin Tonin ya ta da rigimar iyaka, aka sa rana. Abin da ya fi yi wa Marash ciwo, Dila ce da bakinta ta nemi a ɗora masa dutsen. Da safen ranar ta aiko masa da burodin masara mai zafi da cuku, ta ce ya ci ya yi ƙarfi, dutse ba ya ɗaukuwa da yunwa.

Gari ya taru a bakin fadama. Ndreka, dattijon da ke bin Marash a shekaru, ya ɗora masa dutse da curin ƙasa a kafaɗar dama. Dila na tsaye da baƙin ɗankwalinta, ta ce a gaban kowa, "Ni na yarda da Yaya Marash. Inda ya sauke, nan ne."

Marash ya ce, "Nauyin nan ya bi ni har kabari in na karkace." Ya fara takawa daga cikin filin Tonin.

Ƙafa ba ta manta inda ta sani. Da ya iso bayan rijiya, daidai inda shi da Kola suka yi gumi suna haƙa, ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya ji mutane sun fara sakin numfashi, ya ga Dila ta fara gyaɗa kai. Ya ɗaga ido ya hango Tonin jingine da motarsa a kan titi yana kallon sama kamar ba ruwansa. Marash ya gyara dutsen a kafaɗa ya wuce. Ya wuce rijiya. Ya wuce zaitun na ɗaya, na biyu, har na tara, yana jin kowane taku a ƙashin bayansa. A gindin ɓaure ya saki dutsen ya faɗi tim.



Dila ta ce, "Yaya Marash, mantuwa ce ko rana ce ta buge ka?"

"Nan ne," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Ta dube shi. "To. Dutsen ya sauka ƙasa, na gani. Ko ya sauka daga kafaɗarka, kai ka sani." Ta juya ta shige gida ta ja ƙofa. Ndreka ya ƙi haɗa ido da kowa. Mai awon ƙasa ya kafa turakunsa masu jan ƙyalle, ya rubuta, aka buga hatimi.

Tonin ya ci zaɓe, aka yi ta busa hon har bakin tasha. Sati bai zagayo ba aka zo da zarto mai inji. Marash yana cikin gonarsa ya ji ƙarar, ya ƙirga faɗuwar itatuwan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya juya ba. Daga ranar ya bar bin ta gaban gidan Dila, sai ya zagaya ta bayan makabarta kafin ya faɗa zirin, in ya iso kusa da kabarin Kola ya sauko da farar hularsa har kan gira. Mrika ta aika wa Dila ƙwai a kwando, aka dawo da su ba a taɓa ba. Ta ajiye kwandon a gabansa a kan tebur, ta bar shi nan kwana uku.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A tsakiyar bazara aka kawo katafila ta haƙa ramin magudanar ruwa. Direban ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, ya tashi a cikin al'adar nan. Da bokitin ya ɗago daga bayan rijiya sai ga dogon dutse mai sassaƙa, ga baƙin gawayi na zuba, ga fararen tsakuwoyi suna gangarowa. Mutumin ya kashe inji ya sauko ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Shugaban aiki ya daka masa tsawa ya ce ya ci gaba da haƙa.

"Ranka ya daɗe, ka hau ka tuƙa da kanka. Ni ba na taɓa dutsen iyaka. Ina da 'ya'ya."

Kafin a ce me, labari ya kai gari. Aka aika a kira Marash. Ya so ya ce ba shi da lafiya, Mrika ta miƙo masa sandarsa ta ce, "Da ƙafarka ka taka, da ƙafarka za ka je."

Ya tarar Ndreka ya durƙusa a bakin ramin yana jera tsakuwoyi a kan mayafi. Goma sha biyu cif. Kusa da su ga rabin faranti, laka ta rufe shi. Dila ta fito daga gida da wani ƙulli, ta kwance, ta ɗauko nata rabin mai shuɗin zane a baki. Ta goge na ramin da gefen zanenta, ta haɗa. Suka zauna da juna kamar jiya aka fasa.

Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Ka tuna, Yaya? Kai ka fasa shi a kan gwiwarka. Kola yana dariya yana cewa ka rasa wanda za ka ɗauko sai farantin baƙi."

Mutum sittin suna tsaye, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya nuna Marash da yatsa. Sai dai da ya juya zai tafi, hanya ta buɗe masa da faɗi fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata.

Kada wani ya zaci gano dutsen ya dawo wa Dila da ƙasarta. Kotu ba ta san gawayi da tsakuwa ba, hatimi ta sani, hatimin kuwa a kan rantsuwar Marash ya hau. Washegari aka kawo wani direba daga birni wanda ba ruwansa da kakanninmu. Aka cike rijiyar da tsakuwa, aka zuba siminti, katanga ta tashi tsawon mutum biyu da waya a kanta. Da ta gama zagayowa sai Marash ya ga abin da bai lissafa ba: gonarsa ta koma bayan katanga, fadama ta tare ta gabas, magudana ta tare ta kudu. Hanyar da ya yi shekara talatin yana bi ita ce ya rantse ba ta Dila ba ce. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ya sa rigarsa ta coci ya tafi ofishin ciyaman. Ya zauna a benci tun safe har rana ta karkata kafin a shigar da shi. Tonin bai tashi ba.

"Baba Marash, lafiya?"

"Maganar Fran. An ce an kafa ma'aunin."

Tonin ya ja tsaki mai taushi. "Baba, ka sa ni a tsaka mai wuya. Ma'auni aikin amana ne. Mutumin da gari ya kama da rantsuwar ƙarya, ta yaya zan kai sunan ɗansa gaban kamfani? Sai su ce a gida ya gada."

"Ni ka ce wa haka? Kai?"

"Ni na ɗora maka dutse? Ni na taka? Ina kan titi, kowa ya gan ni."

Marash ya ce, "To a bar mini ƙofa in shiga gonata. Masarata na ciki."

"Ƙofa? Ta ina? Ai kai ka rantse ƙasar tamu ce." Ya duba agogo. "A gaishe da Inna Mrika."

Fran ya buga waya a wannan makon. Wani ya riga ya tura masa hoton farantin. Bai yi ihu ba, ya ce, "Baba, da ka tambaye ni. Wankin mota bai taɓa sa na sunkuyar da kai ba. Yanzu in dawo in shiga zauren wa? In ce wa 'ya'yana su jikokin wa ne?" Marash ya riƙe wayar har ta yi shiru da kanta.

Sanyi ya shigo, bikin Waliyyi Nikola ya zo, bana kuma a gidan Ndreka maza ke taruwa. Mrika ta ce kada ya je. Ya ce shekara hamsin bai taɓa fashi ba, in ya ƙi zuwa shi ya kori kansa. A can ƙasan zuciyarsa yana fata: watanni sun wuce, an gasa rago, ana shan raki, ƙila tsufansa ya ci masa albarka.

Ya shiga ya yi gaisuwa, aka amsa ƙasa-ƙasa. Wurinsa na kusa da murhu akwai mutum a kai, ba wanda ya motsa. Gurbi ɗaya ne ya rage, a bakin ƙofa inda ake tara takalma. Ya zauna. Ndreka da kansa ya ɗauki tire, bai bar 'ya'yansa su yi ba. Ya bi zauren yana miƙa wa kowa finjali cike da hannun dama, ɗaya hannun a ƙirji. Marash ne na ƙarshe. Ndreka ya tsaya a gabansa, su da suka yi kiwon awaki tare suna yara. Ya mayar da finjalin hannun hagu, ya ɗaga gwiwarsa ta hagu, ya zuro shi ta ƙarƙashi. Rabi ne a ciki.

Wani tsoho ya yi tari.

Ndreka ya ce a hankali, "Kai ka koya mana, Marash."

"Ni na koya muku," in ji Marash.

Yana iya ture finjalin ya tashi da faɗa, wasu sun yi haka. Amma dokar tasa ce, ya san ba a zalunce shi ba. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye har da guggubin, ya ajiye a ƙasa, ya nemi takalmansa a cikin na mutane, ya fita. Ba wanda ya raka shi ƙofa.

Dila ta koma birni wurin ɗanta, shari'arta tana can tana jan ƙafa. Manyan motoci suna shiga suna fita ta inda zaitun suke, ƙanin matar Tonin ne ke kan ma'auni. Marash yana nan da rai, yakan zauna ƙarƙashin rumfar inabinsa ya ba titi baya. In rigimar iyaka ta tashi yanzu lauya ake nema, domin ba wanda ya ƙara yarda a ɗora wa wani dutse.

Ga abin da taku arba'in ɗin suka ci masa. Gonarsa ta gado, da masarar shekarar da ta bushe a tsaye yana kallo ta saman waya. Ruwan rijiyar da yake sha kyauta. Zumuncin gidan Kola, wanda askin fari ya ƙulla. Wurinsa kusa da murhu da finjalin farko. Ɗansa guda, da jikoki biyu da har yau bai ɗauka ba. Da bakinsa, wanda shekara talatin ya fi hatimin gwamnati nauyi, yanzu ko ya ce rana ta fito sai an leƙa waje. Abin da ya samu kuwa kwalbar raki ɗaya ce, ita ma Tonin ya sha rabinta kafin ya tafi.